Gumakan Bamiyan da Mutanen da ke Zaune a Gindinsu

Gabatarwa

A farkon watan Maris na shekarar 2001, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar Isha'i kamar yadda muka saba, rediyo na tsakiyarmu, sai muka ji labarin cewa gwamnatin Taliban ta ƙasar Afganistan ta fara luguden igwa a kan waɗansu manya-manyan gumaka guda biyu a wani wuri da ake kira Bamiyan. Nan take majalisa ta rabu biyu. Waɗansu suka ce madalla, ai gunki ba shi da wata alfarma. Waɗansu kuma suka ce wannan ɓarna ce, domin kayan tarihi ne, ba wanda ke bauta musu. Ana cikin wannan ka-ce-na-ce sai wani dattijo daga cikinmu, tsohon hedimasta, Allah Ya jiƙansa, ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ke ɗawainiya da tarihi, su mutanen da ke zaune a gindin gumakan nan su wane ne? Me suke nomawa? Ina suka shiga da ake wannan harbi?" Na yi shiru. Duk surutun da muka kwashe sa'a guda muna yi a kan dutse ne, babu wanda ya tuna da mutum.

Wannan tambaya ta dattijo ita ce asalin wannan maƙala. Ban taɓa taka ƙasar Afganistan ba, abin da zan kawo na tattara shi ne daga karance-karance da bin labarai na shekaru masu yawa, musamman bayan da na ajiye aikin gwamnati na sami sarari. Manufata ita ce in nuna wa mai karatu, musamman malaman makaranta, cewa tarihin gumakan nan da tarihin talakawan da ke maƙwabtaka da su abu ɗaya ne, kuma hannun da ya rusa dutsen ya riga ya daɗe da taɓa mutanen.

Kwarin Bamiyan da Mutanensa

Bamiyan wani kwari ne a tsakiyar Afganistan, cikin jerin tsaunukan Hindu Kush, kimanin kilomita 180 yamma da birnin Kabul ta hanyar mota. Tudun wurin ya kai kimanin mita 2,500 daga doron teku, saboda haka hunturunsa yana da tsawo da tsanani, dusar ƙanƙara takan rufe gonaki har ta toshe hanyoyin da ke ratsa tsaunuka. Mafi yawan mazauna yankin 'yan ƙabilar Hazara ne, Musulmi mabiya Shi'a, suna magana da wani karin harshe na Farisanci. Akwai kuma 'yan ƙabilar Tajik da waɗansu tsiraru.

Rayuwar talakan Bamiyan ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya tashi a ƙauye ba. Gidajen ƙasa ne masu shimfiɗaɗɗen rufi. Ana noma alkama da sha'ir da dankalin Turawa ta hanyar ban-ruwa, da ruwan da ke gangarowa idan ƙanƙara ta narke. Dankalin Bamiyan ya shahara a duk faɗin ƙasar, shi ne babban abin da manomi ke kaiwa kasuwa. Ana kiwon tumaki da awaki da shanu, jaki kuwa shi ne motar gida, shi ke ɗauko ruwa, shi ke ɗauko makamashi. Da yake itace ya yi ƙaranci, tun da kaka ake hawa tsauni ana tumɓuke ƙananan tsirrai masu ƙaya ana tarawa, mata kuma suna shanya kashin shanu a jikin bango domin girki da ɗumama ɗaki. Abincin yau da kullum gurasa ce ta tanderu da shayi, sai busasshen kindirmo da ake dunƙulawa a ajiye saboda hunturu. Magidanci a can ba ya ƙidayar shekara sai da tambaya ɗaya: abin da na tara zai kai ni ƙarshen sanyi?

Yadda Aka Yi Gumakan

A zamanin da, wannan kwari zango ne na fatake. Ayarin da ya taso daga Indiya zai nufi Balkh da Samarkand, ko wanda ya fito daga ƙasar Sin zai gangara kudu, a nan yake sauke kaya ya huta kafin ya tunkari tsaunuka. Kamar yadda aka sani, inda fatake suka yada zango nan dukiya take taruwa, nan kuma addini da ilimi suke sauka. Ta haka addinin Buda, wanda ya samo asali daga Indiya, ya kafu a Bamiyan.

A jikin wani dogon tsauni da ke arewacin kwarin aka sassaƙa siffofin Buda guda biyu a tsaye, kowanne cikin wani katafaren gurbi. Ƙaramin yana da tsawon mita 38, babban kuwa mita 55, wato ya ninka Hasumiyar Gobarau ta Katsina fiye da sau uku. Gangar jikin daga dutsen aka fafe ta, sannan aka yaɓa laka da aka kwaɓa da ciyawa, aka yi shafe, aka yi fenti. Domin a fitar da ninkin mayafin babban gunkin, sai da aka huda ramuka aka kafa turakun itace, aka ɗaura igiyoyi, aka bi su da yaɓe. Duk maginin gargajiya da ya san aikin tubali da makuba zai gane irin wahalar da aka sha. Gwajin kimiyya da aka yi wa ciyawa da itacen da aka tsinta cikin ɓaraguzan ya nuna an yi ƙaramin wajen shekara ta 570 Miladiyya, babban kuma wajen shekara ta 618, wato daidai zamanin da Musulunci ke bayyana a Makka.

Kewaye da gumakan an fafe kogwanni ɗaruruwa, waɗansu ɗakunan kwana ne na masu gudun duniya na wancan addini, waɗansu wuraren ibada masu zane a rufi da bango. A shekarar 2008 masana suka bayyana cewa waɗansu daga cikin zanen nan da fentin mai aka yi su, kuma suna cikin mafi daɗewa irinsu da aka sani a duniya. Wani matafiyi ɗan ƙasar Sin mai suna Shuwanzang ya ratsa Bamiyan wajen shekara ta 630, ya rubuta cewa ya tarar da gidajen ibada fiye da goma da masu gudun duniya fiye da dubu, ya kuma ga babban gunkin yana ƙyalli da ado.

Maƙwabtakar Shekaru Dubu

Musulunci ya fara shiga Bamiyan a ƙarni na 8, zamanin daular Abbasiyya. A ƙarni na 9 Yaƙubu ɗan Laisu, wanda ya kafa daular Saffariyya, ya ci garin da yaƙi, ya kwashe ƙananan gumakan da ke gidajen ibada ya aika Bagadaza. Sannu a hankali addinin Buda ya ƙare ƙaf a kwarin, amma manyan gumakan biyu suka ci gaba da tsayuwa. Marubutan Musulmi sun san da su. Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a 1229, ya ambace su a cikin littafinsa Mu'ujamul Buldan da sunayen Surkh But da Khing But, wato Jan Gunki da Farin Gunki, ya lasafta su cikin abubuwan mamaki.

A shekarar 1221 Jengis Khan, sarkin Mongol, ya kewaye birnin Bamiyan. Da aka harbe jikansa da kibiya a wurin, sai ya yi rantsuwar ba zai bar mai rai ba, ya karkashe mutanen ya rushe birnin. Kufan yana nan har yau a kan wani tudu, ana kiransa Shahri Gulgula, wato Birnin Kururuwa. Gumakan kuwa bai taɓa su ba. Ana ba da labarin cewa daga baya Aurangzeb na Indiya da Nadir Shah na Farisa sun sa an harbe su da igwa, an yi musu lahani a ƙafafu, amma ba su faɗi ba.

Abin lura a nan shi ne yadda talakawan wurin suka ɗauke su. Bayan ƙarnoni, mutanen kwarin sun manta da wani Buda. Babban suka sa masa suna Salsal, ƙaramin kuma Shahmama, suka ƙulla musu tatsuniya cewa wani jarumi ne da gimbiyar da yake so, waɗanda suka rikiɗe suka zama dutse. Manomi yana huɗa a ƙarƙashinsu, ladan yana kiran salla suna tsaye, yara suna wasa a matattakalar da ke kaiwa kan ƙaramin. Fiye da shekaru dubu Musulmi suna zaune da su, ba su bauta musu ba, ba su kuma ga dalilin rusa su ba.

Ba wai Hazarawa sun zauna cikin jin daɗi ba ne duk wannan zamani. Tsakanin 1891 da 1893 Sarki Abdurrahman Khan ya yaƙe su, aka kashe jama'a masu ɗimbin yawa, aka sayar da waɗansu a matsayin bayi, aka ƙwace filayen kiwonsu aka ba makiyaya 'yan ƙabilar Pashtun. Tun daga nan suka zama 'yan dako da barorin gida a biranen ƙasarsu. Ɗan sauƙin da suka gani shi ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa kallon gumakan, kasuwa ta buɗe a gindin tsaunin, masu shayi da masu masauki suka sami abin yi. A tsakanin 1969 da 1977 ma ƙwararru daga Indiya suka yi aikin gyara da ƙarfafa gumakan tare da gwamnatin Afganistan.

Shigowar Yaƙi

A watan Afrilun 1978 'yan gurguzu suka yi juyin mulki a Kabul, a watan Disambar 1979 kuma sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo. Ba su fita ba sai a watan Fabrairun 1989. Gwamnatin Najibullah da suka bari ta faɗi a 1992, daga nan ƙungiyoyin mujahidai suka juya wa juna bindiga. Bamiyan ta zama cibiyar ƙungiyar Hizbi Wahdat ta Hazarawa, wadda aka kashe shugabanta Abdul Ali Mazari a hannun Taliban a watan Maris na 1995. A waɗannan shekaru kasuwar gindin tsauni ta zama kufai, aka mayar da waɗansu kogwanni rumbun harsasai, waɗansu kuma 'yan gudun hijira suka tare a ciki, hayaƙin girkinsu ya turnuƙe zanen da ya shekara fiye da dubu. Ba wanda zai zarge su, domin wanda sanyi ya koro ba ya tambayar tarihin ɗakin da ya samu.

Taliban sun kama Kabul a watan Satumbar 1996. Daga 1997 suka datse hanyoyin shiga yankin Hazarawa, har motocin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka hana wucewa, aka shiga hunturu da yunwa. A watan Agustan 1998 suka kama Mazari Sharif, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 2,000, mafi yawansu Hazarawa. Wata guda bayan haka Bamiyan ta faɗa hannunsu, jama'a suka watse cikin tsaunuka, wani kwamanda kuma ya sa nakiya ya fasa kan ƙaramin gunkin. Sai dai a watan Yulin 1999 shugaban Taliban, Mulla Umar, ya fitar da doka cewa a kiyaye gumakan, bisa hujjar cewa babu sauran mai bauta musu a ƙasar, kuma za su iya jawo kuɗin shiga daga baƙi.

A watan Janairun 2001, a gundumar Yakawlang da ke yammacin Bamiyan, mayaƙan Taliban suka tattara maza farar hula suka harbe su. Human Rights Watch ta ƙiyasta kimanin mutum 170. A ƙarshen wannan watan, a sansanonin 'yan gudun hijira na Herat, mutane fiye da ɗari, yawancinsu yara, suka mutu saboda sanyi cikin 'yan darare. Ƙasar tana cikin fari mafi muni da aka gani cikin shekaru talatin, ga kuma takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa gwamnatin a 1999, ta ƙara tsananta shi a watan Disambar 2000. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan: duk abubuwan nan sun faru makonni kaɗan kafin a taɓa gumakan, amma mu a ƙofar gidanmu ba mu yi gardama a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Rushewar Gumakan

Ranar 26 ga Fabrairun 2001 Mulla Umar ya warware dokarsa ta farko, ya ba da umarnin a rusa duk wani mutum-mutumi da ke ƙasar. Duniya ta yi ca. Hukumar UNESCO ta aika wakili, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya gana da ministan harkokin wajen Taliban a Islamabad, Pakistan wadda ke cikin ƙasashe uku kacal da suka amince da gwamnatin ta tura ministanta na cikin gida. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tura tawagar malamai zuwa Kandahar, cikinsu har da Shaihu Yusuful Ƙardawi da Muftin Masar na lokacin, Shaihu Nasr Farid Wasil. Hujjar da masu neman a dakata suka kafa ita ce, Sahabbai sun shiga Masar ƙarƙashin Amru ɗan Asi, sun tarar da gine-gine da siffofin Fir'aunoni waɗanda ba a bauta musu, ba su kuma rusa su ba. Taliban suka tsaya a kan cewa karya gunki umarni ne, ko ana bauta masa ko ba a yi. Hukunci a wannan mas'ala na malamai ne, ni nawa shi ne in faɗi abin da ya auku.

An fara aikin ranar 2 ga Maris da tankokin yaƙi da igwa da bindigogin kakkaɓo jirage, amma dutsen ya ƙi. Sai aka koma ga nakiya. A nan ne tambayar dattijonmu ta sami amsa. Waɗanda aka sa su ɗauki nakiyar, aka zura su da igiya daga saman tsauni su huda jikin gunkin su cusa ta, fursunoni ne Hazarawa 'yan garin. Ɗaya daga cikinsu ya shaida wa BBC a 2015 cewa an kwashe kwana 25 ana aikin, kuma da bindiga a kansu suka yi shi, wanda ya ƙi mutuwa ce. Da aka gama, gwamnatin ta sa aka yanka shanu 100 a matsayin kaffarar jinkirin da ta ce ta yi. A gidan kayan tarihi na Kabul kuma an bi kayayyaki fiye da 2,500 da guduma. Watanni uku bayan haka, a watan Yuni, aka cinna wa garin Yakawlang wuta.

Gurasa ko Gunki?

Wani jakadan Taliban mai suna Rahmatullah Hashimi, da ya je Amurka a cikin wannan watan na Maris, ya ce abin da ya fusata shugabanninsu shi ne waɗansu baƙi sun zo da tayin kuɗin gyaran gumaka alhali yara na mutuwa da yunwa. Wannan magana ta shiga zukatan mutane da yawa a nan ƙasar, har da ni a wancan lokaci. Kuma akwai gaskiya a cikinta, domin kukan da manyan ƙasashe suka yi a kan dutse ya fi wanda suka yi a kan yaran Herat da mazan Yakawlang nesa ba kusa ba.

Amma da na zauna na jera abubuwan bisa kwanan wata, sai na ga maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Gwamnatin da ta ce tausayin mayunwata ya sa ta rusa gumakan, ita ce ta hana abinci shiga wannan kwari a 1997. Babu yaron da ya ƙoshi saboda Salsal ya faɗi. Hasali ma abin da aka rusa shi ne ɗan abin da ke kawo wa mai shayi da mai jaki ciniki in zaman lafiya ya dawo. Ba a ba mutanen Bamiyan zaɓi tsakanin gurasa da gunki ba, an raba su da duka biyun, sannan aka tilasta musu yin aikin da hannunsu.

Masu Riƙon Makulli

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi taɓa ni a matsayina na tsohon ma'aikaci. A shekarar 1978 wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Viktor Sarianidi, ya tono kayan zinariya fiye da 20,000 a Tilla Tepe da ke arewacin ƙasar, waɗanda suka shekara kusan dubu biyu a ƙasa. A ƙarshen shekarun 1980, da aka ga alamar abin da ke tafe, sai aka kwashe su tare da waɗansu kayayyaki masu daraja aka kulle a taskar babban banki da ke harabar fadar shugaban ƙasa. 'Yan tsirarun ma'aikata ne suka sani, cikinsu har da Umara Khan Mas'udi wanda daga baya ya shugabanci gidan tarihin. Roka ta faɗa wa gidan tarihin a 1993, aka wawashe mafi yawan abin da ke ciki, gwamnatoci suka zo suka wuce, albashi ya yanke, duniya ta ɗauka an narkar da zinariyar. Mutanen nan ba su buɗe baki ba sai a 2003. Da aka buɗe akwatunan a 2004 aka ƙirga, kayan suna nan. Haka kuma bayan masu guduma sun fita a 2001, ma'aikatan ne suka share gutsattsarin suka adana, shi ya sa daga baya aka iya harhaɗa waɗansu, kamar mutum-mutumin Sarki Kanishka. Waɗannan Musulmi ne, talakawan ma'aikata, abin da suka sani kawai shi ne an ba su amana.

Bayan Rushewa

Taliban sun bar Bamiyan a watan Nuwambar 2001. A 2003 UNESCO ta sa kwarin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ta kuma sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Ƙwararru daga Jamus da Italiya da Japan suka ƙarfafa guraben don kada su rufta, aka tattara ɓaraguzan cikin rumfuna. An yi ta muhawara ko a sake gina gumakan ko a bar guraben wayam su zama shaida, ba a sake gina su ba. A watan Yunin 2015 waɗansu ma'aurata 'yan ƙasar Sin suka haska siffar babban gunkin da na'ura a cikin gurbinsa, jama'ar gari suka taru suka kalla.

Mutanen da suka dawo daga gudun hijira da yawa sun tarar ba gida, saboda haka iyalai masu yawa suka ci gaba da zama a kogwanni, suka yi musu ƙofa da taga. Duk da talauci, lardin ya yi suna wajen zaman lafiya da sa 'ya'ya mata a makaranta. A 2005 aka naɗa Habiba Sarabi gwamnar Bamiyan, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. A 2009 aka ayyana tafkunan Bandi Amir a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa na farko. An gina rumbunan ajiyar dankali, manomi ya daina sayarwa da arha a lokacin kaka.

Ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban suka sake karɓar mulki. A cikin wannan watan aka fasa mutum-mutumin Mazari da ke garin Bamiyan. Aka rufe wa 'yan mata makarantun gaba da aji shida, a watan Disambar 2022 aka hana mata shiga jami'a, a watan Agustan 2023 aka hana su zuwa Bandi Amir. Abin mamaki, sabbin hukumomin suka sa masu gadi a gindin tsaunin suna sayar wa baƙi tikitin kallon guraben da babu kowa a ciki. A watan Mayun 2024 aka harbe 'yan yawon buɗe ido uku 'yan ƙasar Sifen tare da waɗansu 'yan ƙasa a kasuwar garin, ƙungiyar IS ta ɗauki alhaki. Wanda ya fi kowa asara a nan ma shi ne mai masauki da mai tuƙa baƙi.

Abin da ya Shafe Mu

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin wannan wuta ta matso kusa da mu a 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai suka rusa hubbarorin waliyyai a Tambutu ta ƙasar Mali, a farkon 2013 kuma suka ƙone dubban littattafan hannu a cibiyar Ahmad Baba. Wannan karon ba gumakan wani addini ba ne, gadon Musulunci ne, kuma a can ma iyalai da ƙananan ma'aikata ne suka fitar da mafi yawan littattafan a ɓoye zuwa Bamako.

Mu ma ƙasarmu tana ɗauke da siffofin yumɓu na mutanen da, irin na Nok da aka fara tsinta a 1928, da waɗanda aka samu a yankunan Sakkwato da Katsina. A shekarun 1990 an yi ta haƙe su ana fitarwa waje, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya a shekarar 2000. A nan dole in faɗi laifina. A waɗannan shekaru ina aiki a wata ƙaramar hukuma, sai masu haƙar ƙasar gini suka tono wani kan mutum na yumɓu, mai unguwa ya aiko mini da shi a cikin buhu. Na ɗora shi a kan kabad da niyyar in rubuta rahoto, ban rubuta ba. Aka yi mini canjin wurin aiki. Da na waiwaya bayan shekara biyu, kan ya ɓace, wurin da aka tono shi kuma ya zama ramuka. Ba igwa, ba nakiya, sakacina kaɗai ya isa. Duk lokacin da na karanta labarin masu riƙon makullin Kabul, wannan buhu nake tunawa.

Kammalawa

Gumakan Bamiyan sun tsaya kimanin shekaru 1,400, aka kawar da su cikin makonni. Sun tsira daga Jengis Khan, sun zauna lafiya da Musulmi fiye da ƙarni goma, ba su faɗi ba sai a lokacin da ran maƙwabtansu ya riga ya zama ba a bakin komai ba. Shawarata ga malaman makaranta ita ce, in za ku koyar da wannan darasi, kada ku tsaya a kan tsawon mita 55 da ranar 2 ga Maris. Ku faɗa wa ɗalibai sunan Yakawlang, ku faɗa musu abin da manomin Bamiyan ke shukawa, da wanda aka zura da igiya. Sannan ku fita da su su ga ganuwa ko kufai ko tsohuwar rijiyar da ke garinku, ku tambayi dattawan unguwa abin da suka sani, a rubuta tun suna raye. In wani ya tsinci wani abu a gona, a sanar da hukumar kula da kayan tarihi a ranar, kada a ɗora a kan kabad.

Dattijon da ya yi mini tambayar bai rayu ya ji amsarta ba. Allah Ya gafarta masa, Ya kawo wa mutanen Afganistan sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.